Jan Fatsa a Tafkin Erie: Zurfi Kafin Launi

A cikin watan Yuli ne na fara fita Tafkin Erie neman kifin da Amurkawa ke kira walleye, wanda zan riƙa rubuta shi walai a nan kamar yadda ake furta shi. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe, shi ya ɗauke ni a jirginsa daga mashigar garin Lorain da ke jihar Ohio, bayan na idar da sallar asuba a gefen mota. Ya ba ni sanduna biyu a ɓangaren hagu, ya riƙe biyu a dama, kuma kifin robar da ke igiyata iri ɗaya ne da nasa, launi ɗaya, girma ɗaya, daga akwati ɗaya. Kafin hantsi ya kama huɗu, ni kuwa ko sau ɗaya kifi bai taɓa ƙugiyata ba. Da ya ga na fara canje-canje, ina kwance shuɗi ina ɗaura ja, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙugiyarka ƙafa nawa take a ƙarƙashin ruwa yanzu?" Na ce, "Baba, ban sani ba." Ya ce to in rufe akwatin launukan nan, in fara gyara wannan tukuna. Shekaru sun shuɗe tun wannan safiya, amma duk abin da na koya game da kamun walai a lokacin zafi, idan na bi diddiginsa, ga wannan tambaya yake komawa.

Abin da nake kira jan fatsa shi ne mutum ya saki ƙugiyoyi da dama a bayan jirgi, ya bar inji yana tafiya a hankali kamar saurin mai tafiya a ƙasa, yana jan su mil bayan mil har su ratsa inda kifi yake. Wanda ya tashi a bakin ruwan Yawuri kamar ni, ya ga Sarkawa suna shimfiɗa mamari ko suna kafa gura, ya saba da kamun da ake ajiye kaya a jira kifi ya zo ya same su. A nan masunci ne ke bin kifi, domin a tsakiyar zafi walai ba ya zama a gindin dutse ko a bakin ciyawa. Yawo yake yi a sararin ruwa, garke-garke, a bayan ƙananan kifayen da yake ci, kuma garken da aka samu yau yana iya yin nisan mil biyar kafin gari ya waye.

Sai mutum ya san girman tafkin zai gane dalilin wannan wahala. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,700, wato kusan girman Tafkin Chadi a shekarun 1960 kafin ya ja baya, tsawonsa kuma kilomita 388. Jihohi huɗu na Amurka ne ke bakinsa, Ohio da Michigan da Pennsylvania da New York, sai lardin Ontario na Kanada daga arewa. A cikin manyan tafkuna biyar na yankin shi ne mafi ƙarancin zurfi, abin da ya sa ya fi sauran ɗumi da yawan kifi. Ƙasansa kamar matakala uku take. Ɓangaren yamma, wajen Toledo da Port Clinton da tsibiran Bass da Kelleys, galibi bai wuce ƙafa 25 zuwa 30 ba. Na tsakiya, wanda ya taso daga wajen Huron ya bi ta Lorain da Cleveland har Ashtabula da Conneaut, shimfiɗaɗɗen kwano ne mai kimanin ƙafa 60, ya ɗan haura 80 a wasu wurare. Na gabas shi ne mai zurfin gaske, har ƙafa 210, mita 64 ke nan. Masunta a nan da ƙafa da mil suke lissafi, na'urorinsu ma haka, don haka da su zan yi magana, mai karatu ya riƙe cewa ƙafa 10 mita 3 ce da ɗan ɗoriya.

A watannin Maris da Afrilu, da ƙanƙara ta narke, walai yana taruwa a yamma domin zuba ƙwai a kan tuddan duwatsun ƙarƙashin ruwa da cikin kogunan Maumee da Sandusky. Da ruwan yamma ya fara zafi, sai manya-manyan, waɗanda yawancinsu mata ne, su kama hanyar gabas suna neman sanyi da abinci, ƙananan kuma da yawansu su zauna inda suke. Masana sun tabbatar da wannan ƙaura ta hanyar dasa wa kifaye 'yan na'urori a ciki suna bin motsinsu, sai dai masunta sun riga sun san ta daga inda suke kwana da jiragensu. A watan Yuni kewayen tsibirai da gaban Huron da Vermilion ne ake cin kasuwa. A Yuli sai a koma tsakanin Lorain da Cleveland, a Agusta kuwa mai neman babban kifi zai ja jirginsa zuwa Geneva ko Ashtabula ko Conneaut, ya shiga mil goma ko fiye cikin tafki, inda ruwa ya kai ƙafa 70. Wannan ya nuna wa mutum garin da zai tashi daga cikinsa. Bai gaya masa inda kifin yake tsakanin saman ruwa da ƙasansa ba, kuma a nan ne aikin yake.

Idan zafi ya kankama, ruwan tsakiyar tafkin yakan rabu gida biyu da ba sa gauraya. Na sama mai ɗumi ne, iska tana kaɗa shi, na ƙasa kuma mai sanyi ne da nauyi, yana kwance. Tsakaninsu akwai wata siririyar iyaka inda ɗumi ke faɗuwa farat ɗaya cikin 'yan ƙafafu, wadda a na'urar hango kifi takan bayyana kamar hazo a miƙe daga wannan gefen allo zuwa wancan. Walai ya fi jin daɗin ruwa mai kimanin digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salsiyas, saboda haka a saman wannan iyaka ko dab da ita ake yawan samunsa da rana. Akwai kuma wani dalilin da ke hana shi sauka. A ƙarshen Yuli da Agusta, gansakukar da ta mutu a sama tana nutsewa ta ruɓe a ƙasa, ruɓewar ta cinye iskar numfashin da ke cikin siririn ruwan sanyin nan, har wani yanki mai faɗi ya zama babu kifin da zai iya zama a cikinsa. Wanda ya saukar da ƙugiyarsa har ƙasa a irin wannan wuri, da tunanin cewa babban kifi yana can ƙasa yana gudun zafi, yana jan ta ne a cikin kufai. Na ɗauki lokaci kafin in yarda da wannan, domin a kogunan da na sani tun ina yaro, gurbi mai zurfi shi ne gidan manyan kifaye.

Idon walai shi ne ya ba shi sunansa na Turanci, wani fari-fari ne mai sheƙi kamar na kyanwa idan an haska ta da dare, saboda a bayansa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske. Da shi yake gani a duhun ruwa fiye da kifayen da yake farauta, kuma yadda yake farautar shi ne ya tsaya daga ƙasa, ya hango inuwar abincinsa a sama, ya taso masa. Abin da ya biyo bayan wannan shi ne ƙa'idar da ban taɓa ganin ta ci amanata ba, wato a ratso da ƙugiya ta saman kifi, ƙafa biyu zuwa biyar, kada ta bi ta ƙarƙashinsa. A ruwa mai garau zai iya tasowa fiye da haka ya kama, amma da wuya ya juya ya bi abin da ya wuce ta ƙasansa. A waccan safiya ta farko, kamar yadda na gane daga baya, kifayen suna wajen ƙafa 18 ne, dattijon yana ratsawa ta kansu, ni kuma na saki igiya mai yawa har kifin robata ya wuce su ya yi ƙasa.

Ita ma na'urar hango kifi tana da inda ganinta ya tsaya, kuma ya kamata a san shi. Sautin da take aikawa ƙasa yana buɗewa ne kamar mazurari a kife, tsukakke a sama, mai faɗi a ƙasa. A yawancin na'urori faɗin da'irar da ake gani kusan kashi ɗaya ne cikin uku na zurfin, don haka a ƙafa 60 ana ganin da'ira mai faɗin ƙafa 20, amma a ƙafa 15 ƙafa biyar kawai ake gani. Ƙari a kan haka, kifin da ke kusa da sama yana jin jirgi ya kauce gefe kafin a iso kansa. Sakamakon shi ne allo yakan cika da alamun kifi a ƙafa 45, alhali masu jin yunwa suna ƙafa 12 ba a ganinsu. Saboda wannan, duk yadda allo ya nuna, ba na fasa barin igiya ɗaya a sama-sama, musamman da sassafe, da ranar da hadari ya rufe rana, da lokacin da iska ta ɗan yamutsa fuskar ruwa. Sau da yawa ita ce ke kawo kifin da ya fi kowane girma a ranar.

To yaya mutum zai san zurfin abin da ba ya gani? Farkon amsar tana jikin manaɗin igiya mai ƙidaya, wanda ke nuna ƙafa nawa aka saki. Abin da masu fara koyo ba sa lura da shi shi ne, wannan ƙidaya ba tsawon igiya take aunawa ba, juyin kwarkwaron ciki take ƙirgawa. Idan kwarkwaron bai cika ba, kowane juyi yana sakin igiya ƙasa da yadda aka tsara, sai lamba ta nuna 100 alhali abin da ya fita bai kai haka ba. Kowace shekara kafin a fara fita, ni da dattijon muna auna ƙafa 100 da tef a kan ciyawar bayan gidansa, mu kafa turke, mu ja igiyar kowace sanda mu ga ko lambar ta yi daidai, inda ta saɓa mu ƙara igiya ko mu rage. Muna kuma tabbatar da cewa duk sandunan igiya iri ɗaya ce a kansu, mai kauri ɗaya, domin igiya mai kauri ruwa yana tura ta sama, siririya kuwa tana yanka shi ta nutse. Aiki ne na yini guda mai gajiyarwa, amma idan ba a yi shi ba, sanda ɗaya za ta kama kifi a lamba 80, a saita sauran a 80, kowace ta tafi nata zurfin daban.

Sai kuma bambancin da na fi son mai karatu ya riƙe, domin shi ne ya fi ruɗa mutane. Kayan da ake ja iri biyu ne ta fuskar nutsewa. Akwai kifin roba mai dogon leɓe, irin su Bandit da Reef Runner da Husky Jerk na Rapala, wanda ba shi da nauyi, leɓensa ne ke haƙa ruwa ya kai shi ƙasa. Zurfin irin wannan ya dogara ne da tsawon igiyar da aka saki da kaurinta, saurin jirgi kuwa kusan bai shafe shi ba muddin ana cikin saurin da aka saba. Yana da iyakar da ba ya wucewa ko an ƙara igiya, galibi tsakanin ƙafa 20 da 30 ga masu zurfin cikinsu, kuma akwai jadawalin da aka auna wanda ke nuna zurfin kowane iri a kowane tsawon igiya. Akwai kuma duk abin da nauyi ne ke nutsar da shi, kamar dalmar da ake maƙalawa a igiya, ko igiya mai dalma a cikinta. Wannan bawan sauri ne. A rage gudu ya nutse, a ƙara ya taso. Wanda ya haɗa kifin roba da dalma ya mayar da shi cikin rukuni na biyu, ko da jadawalin da ke hannunsa na rukunin farko ne, kuma nan ne lissafin mutane da yawa ke rushewa ba su sani ba.

Igiya mai dalma tana canza launi a kowace ƙafa 30, masunta kuma da launi suke ƙirga ta, su ce sun saki launi biyar ko bakwai. A saurin mil biyu a awa, kowane launi yana nutsar da ƙugiya kusan ƙafa biyar. Amma idan kifi ya sauka ƙafa 40 zuwa 55, kamar yadda yake yi a Agusta a gaban Ashtabula, abin da na fi amincewa da shi shi ne Dipsy Diver. Wani ɗan faifai ne da ake ɗaurawa a igiya, ƙafa shida ko fiye a gaban ƙugiya, wanda ke karkata ya haƙa ruwa. A ƙasansa akwai dalma mai juyawa da lambobi daga 0 zuwa 3. A 0 yana sauka kai tsaye a bayan jirgi, a 3 kuma yana bajewa gefe sosai amma bai kai wancan zurfi ba. Lissafin da muke farawa da shi a igiyar saƙa shi ne, a lamba 1 kowace ƙafa biyu ta igiya tana ba da ƙafa ɗaya ta zurfi, a lamba 3 kuwa sai ƙafa uku. Idan kifi ya kama, wata 'yar kunama a jikin faifan tana ɓallewa ya miƙe, ya daina jayayya da ruwa. Saita ƙarfin wannan kunama sai da haƙuri, domin in ta yi tauri ƙaramin kifi ba zai ɓalle ta ba, in ta yi sako-sako kuma igiyar ruwa kaɗai ta isa ta buɗe ta.

Baza ƙugiyoyi gefe ya zama dole ne a wannan tafki saboda wani abin da ya faru a ƙarshen shekarun 1980. Wata ƙaramar halitta mai ɓawo biyu da zane irin na jakin dawa ta shigo daga Turai a cikin ruwan da manyan jirage ke ɗauka don daidaita nauyi, aka fara ganinta a 1988 a Tafkin St. Clair, wanda ruwansa ke gangarowa cikin Erie, ta bazu cikin Erie tana tace ruwa har ya yi garau fiye da yadda tsofaffi suka san shi. Dattijon yakan ba ni labarin zamanin da ake kashe inji a bar iska tana tura jirgi, a yi ta jifa da ƙugiya mai tana ana kamawa a gefen jirgi. Da ruwa ya washe, kifi ya ƙara tsoron inuwar jirgi, sai allon gefe ya samu karɓuwa. Ɗan allo ne na roba mai yankakken baki. Ana sakin igiya gwargwadon zurfin da ake so, a maƙala allon, a ci gaba da saki, shi kuma ya ɗauki igiyar ya yi gefe da ita ƙafa 50 ko 100 daga jirgi. Uku a dama, uku a hagu, sai ka ga jirgi ɗaya yana share fili mai faɗin ƙafa 200. Idan kifi ya kama, allon yakan ja baya ya fita daga sahun 'yan uwansa, sai a bar shi ya zagayo ta bayan jirgi kafin a fara naɗewa a hankali, ba tare da fizga ba, domin fatar bakin walai tana yagewa. Ido kuma kada ya bar allunan, saboda ƙaramin kifi yakan maƙale a yi ta jansa rabin awa ba a sani ba, sandar ta zama ba ta aiki.

Game da sauri, kowane kaya da nasa. Tana, wadda ake soka wa ƙugiya biyu ko uku a bayan 'yan duwatsun ado da wani ɗan ƙarfe mai juyawa, tana son tafiyar hawainiya, mil 1 zuwa 1.5 a awa. Kifin roba yana aiki tsakanin 1.5 da 2.2, siririn cokalin ƙarfe kuma daga 2 zuwa kusan 3, shi ya sa cokali ke karɓar fage idan ruwa ya yi ɗumi kifi ya yi kuzari, kuma gudun yana rage damun ƙananan kifayen da ke wawure tana. Sai dai lambar da tauraron ɗan'adam ke nunawa saurin jirgi ne a kan ƙasa, ba saurin ƙugiya a cikin ruwa ba. Erie yana da igiyoyin ruwa a ƙarƙashi masu gudu ta inda iska ba ta nufa ba, shi ya sa za a kama kifi ana tafiya gabas, a juyo yamma a kan layi ɗaya da lamba ɗaya a rasa ko ɗaya. Lanƙwasar sandar Dipsy takan faɗi gaskiya fiye da allo, in ta lanƙwashe fiye da ɗazu to ana karo da ruwa ne. Hanyar da na fi so ta tambayar kifi ita ce in riƙa karkata jirgi dama da hagu kamar tafiyar maciji. A kowace kwana, ƙugiyoyin ciki suna rage gudu su nutse, na waje su ƙara gudu su taso. In na waje ne ke kamawa sai in ƙara wuta, in na ciki ne sai in rage.

Launi yana da nasa amfani, ban ce ba shi da shi ba. A ruwa garau da rana tsaka na fi samun sa'a da azurfa da shuɗi da shunayya, a gurɓataccen ruwa ko ranar hadari kuma da ruwan zinariya da lemo da kore mai haske. Amma shi ne na ƙarshe a abin da nake taɓawa, bayan wuri da zurfi da sauri.

Ranar da duk wannan ya haɗu a hannuna, ni ne a kan sitiyari, a farkon wani Agusta a gaban Geneva, ruwa ƙafa 68. Ba mu saki ko igiya ɗaya ba sai da muka yi kusan rabin awa muna zagaye muna duban allo, har muka ga tarin ƙananan kifaye kamar gajimare, da manyan alamu a ƙarƙashinsu tsakanin ƙafa 42 da 48, iyakar sanyi kuma tana wajen 55. Mu biyu ne, doka ta ba mu sanduna shida. Na jera su kamar tsani, ɗaya a ƙafa 15, ɗaya a 30, sauran a 36 da 40 da 44 da 48, muka bi bayan iska domin jirgi ya fi tafiya daidai idan igiyar ruwa tana tura shi daga baya. Ta ƙafa 40 ce ta fara kamawa, ta sake kamawa bayan minti goma. Nan take na mayar da uku zuwa wannan zurfi, na bar ta sama inda take, na danna alama a taswira a duk inda aka kama. Da alamun suka ƙare, ba mu ci gaba da tafiya da fatan alheri ba, muka naɗe komai, muka koma da gudu can sama da wurin ta wani gefe don kada mu bi ta kan garken, muka sake biyo layin. Zagaye uku muka yi, kafin ƙarfe goma sha ɗaya kifi goma sha biyu suna cikin ƙanƙara. Dattijon bai ce komai ba sai da muka kama hanyar gaɓa, sannan ya tambaye ni zurfin, na ba shi amsa da lamba.

Akwai ranakun da lissafi ba ya ceton kowa. A watan Yuni wasu ƙwari sukan fito daga laka a yammacin tafkin kamar yadda shinge ke fitowa bayan ruwan fari, da yawan da har na'urar hasashen yanayi tana ganinsu, kifi ya ƙoshi ya ƙi kallon komai na 'yan kwanaki. Bayan iskar arewa maso gabas mai ƙarfi ma ruwa yakan birkice, garke ya watse. Iskar nan kuwa ba abar wasa ba ce. Rashin zurfin Erie yana sa igiyar ruwa ta tashi da sauri, gajeru masu tsayi a jere kusa da juna, kuma mutumin da ke mil goma sha biyu daga gaɓa a ƙaramin jirgi ba shi da wurin fakewa. Ba na fita sai na duba hasashen iska, da rigar ceto a jikina da rediyon jirgi a kunne, kuma da na hango hadari yana haɗuwa a yamma nake naɗe igiya, ko da kifi yana ci. Mai nisa da gaɓa ya kuma kula da layin iyakar Kanada da ke tsakiyar tafkin, domin lasisin Ohio ba ya aiki a ruwan Ontario.

A ɓangaren Ohio, doka a shekarun nan ita ce kifi shida ga mutum ɗaya a rana, kowane kada ya gaza inci 15, sanduna kuma uku ga kowane mai lasisi, kuma ana sake duba adadin kowace shekara bisa ƙiyasin da hukumomin jihohin huɗu da Ontario ke yi tare. Ina girmama wannan doka saboda na san abin da tafkin ya fito daga ciki. A 1970 an rufe kamun walai saboda gubar zaiba da masana'antu suka zuba, sai a 1972 Amurka da Kanada suka sa hannu a yarjejeniyar tsabtace ruwan manyan tafkunan, kifin ya farfaɗo a hankali. Ƙyanƙyasar da aka samu mai yawa a 2003, da ta 2015 da 2018 da 2019, ita ce ta cika tafkin da kifin da muke kamawa yanzu. Wannan yalwa tana zuwa da nata nauyi, domin akwai ranakun da ƙananan da ba su kai inci 15 ba suke rufe ƙugiya. Walai yana da jakar iska a cikinsa wadda ba ya iya sauke ta da sauri, don haka wanda aka jawo daga zurfin da ya wuce ƙafa 30 yakan iso da ciki a kumbure, in an sake shi ya yi ta yawo a saman ruwa har tsuntsaye su ɗauke shi. Idan na ga ƙanana sun yi yawa a zurfi, nakan ɗaga ƙugiyoyina sama, ko in sa babban kifin roba, ko in bar wurin gaba ɗaya. Idan kuma shidana sun cika, na gama ke nan, ba na ci gaba da kamawa ina saki a ruwan Agusta.

Wanda za a ci, ana yanke masa maƙogwaro nan take a bar jinin ya fita a cikin bokitin ruwa, sannan a binne shi a ƙanƙara, domin namansa fari ne mai laushi wanda zafin jirgi ke lalatawa cikin awa ɗaya. Na tsakiya, mai inci 17 zuwa 22, shi ya fi daɗi a baki, kuma a gidana da yaji da ɗan garin masara ake soya shi. Kafin in wanke hannu nakan ɗauko littafin da ke cikin akwatin jirgi in rubuta kwanan wata, da wurin, da zurfin ruwa, da inda iyakar sanyi take, da ɓangaren da iska ta fito, da saurin jirgi, da lambar da ke kan kowane manaɗi lokacin da kifi ya kama. Dattijon ya daina fita nesa yanzu saboda gwiwoyinsa, jirgin ma ni ke kula da shi, amma duk yammar da na dawo sai na tsallaka gidansa da littafin da kason kifinsa, ya sa tabarau ya bi lambobin da yatsa, ya gaya mini inda yake ganin garken zai kasance a mako mai zuwa.